Kwamfutar marigayi: fomat ya isa kafin in sayar da ita?

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Jidda ce, unguwar Sabil. Maigidana ya rasu wata biyu da suka wuce, yanzu haka ina cikin takaba. Ya bar kwamfutar cinya ƙirar Dell Latitude wadda yake hidimar masu zuwa Umara da ita. A cikinta akwai hotunan fasfo na mutane masu yawa, da lissafinsa, da hotunan bikin babbar 'yata na wurin mata zalla, babu wadda ta yi lulluɓi. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a kan tasa take, muna shirin komawa Kano, kuma muna buƙatar kuɗi. Ƙanin mijina ya ce a kai ta shago a yi mata fomat a sa ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet. Ɗana mai shekara 17 ya ce ma'ajiyar bayanan da ke ciki irin wadda ake kira SSD ce, kuma wai irinta ba ta goguwa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Maganar wa zan bi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Alhaji, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari.

Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Fomat irin wanda ake yi a shago bai kai a dogara da shi ba, a nan yaronki ya fi baffansa gaskiya. Amma cewa SSD ba ta goguwa, wannan kuma ya wuce gona da iri. Tana goguwa tas, sai dai ba ta hanyar da muka saba ba. Zan zo kan wannan. Kafin nan akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wanda ba ki ma tambaya ba: kada a goge komai tukuna.

Mutumin da ke hidimar masu Umara da wuya ya rasu babu kuɗin mutane a hannunsa, ko nasa a hannun mutane. Wani ya turo kuɗin masauki bai iso ba, wani an kama masa mota zuwa Madina bai biya ba, wani otal na bin ciko. Yawancin 'yan kasuwarmu yanzu ba su da littafin lissafi na takarda, komai yana cikin Excel da imel da WhatsApp. Kin san kuma ana fitar da bashi kafin a raba gado, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Gogewar da zan koya miki ba ta da dawowa. Ranar da wani ya kira daga Katsina ya ce yana bin marigayi riyal kaza, ba za ki so a ce shaidar da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi kun share ta da hannunku ba. Ita kanta kwamfutar dukiyar magada ce, da ke da yara da iyayensa idan suna raye, don haka kuɗinta cikin gado zai shiga, kuma da saninsu za a sayar.

Saboda haka aikin farko zama ne, ke da yaron, ku bi folda-folda. Duk abin da ya shafi kuɗi a kwafe shi a filas biyu, ɗaya a hannunki, ɗaya a hannun wanda dangi suka amince ya kula da gadon. Hotunan biki da na yara a kwafe su a filas na daban wanda ke kaɗai za ki riƙe. Ku buɗe abin da kuka kwafa a wata na'urar ku tabbatar yana buɗewa. Fasfo ɗin mutane kuwa kada ku kwafa, sai na wanda aikinsa bai ƙare ba. Amana ce aka ba Alhaji don wata buƙata, buƙatar ta wuce, babu dalilin da zai sa ta bi ku Kano. Ku yi wannan da wuri, tun layin wayarsa yana aiki. Layi a nan da iƙama da hoton yatsa ake yi masa rajista, kada ki ɗauka zai dawwama bayan mai shi, kuma ta kansa lambar shiga Gmail da asusun Microsoft take zuwa.

Yanzu ga dalilin da ya sa fomat bai isa ba.

Tsohuwar ma'ajiyar kwamfuta, wadda ake kira HDD, faifai ne mai juyawa da ake rubutu a kansa da maganaɗisu. Kowane gurbi yana da lambarsa tabbatacciya. Idan aka ce a rubuta sabon abu a gurbi na 500, a kan tsohon rubutun zai hau, ya murƙushe shi. Shi ya sa a da idan ana son share faifai sai a cika shi da sifili daga farko har ƙarshe, magana ta ƙare.

SSD babu abin da ke juyawa a cikinta, ƙwayoyin lantarki ne. Suna da halaye biyu da suka jawo duk wannan rikicin. Ba a iya rubutu a kan rubutu kai tsaye, sai an fara share babban yanki gaba ɗaya. Kuma kowace ƙwaya tana da iyakar sau nawa za a share ta kafin ta gaji. Don haka masu ƙera ta suka sa mata ɗan ƙaramin inji a ciki wanda aikinsa rabon wuri, yana jujjuya rubutu don kada wani ɓangare ya riga sauran mutuwa.

Ki ɗauke ta kamar masaukin alhazai a Makka lokacin cunkoso. Ke daga waje abin da kika sani shi ne baƙonki yana lamba 12 a rajista. Amma mai kula da masaukin yana canza wa mutane ɗaki yadda ya ga dama, yau hawa na biyu, gobe na biyar, lambar rajista kuwa ba ta canzawa. Idan kika ce a sallami na lamba 12 a sa wani, sai ya soke suna a littafi, ya kai sabon baƙo wani ɗakin da yake a share, kayan na farkon suna nan zube a inda ya bar su sai ranar da mai shara ya samu sarari. Bayan haka akwai ɗakunan ajiya da ba su cikin rajista sam, mai kula kaɗai ya san da su. To haka SSD take. Akan ware wani kaso, galibi kusan kashi 7 cikin 100 ko fiye, wanda Windows ba ta ganinsa, ba ta iya rubutu a cikinsa, amma tsofaffin bayanai suna ratsawa ta nan. Umarnin da duk ya fito daga Windows a rajista yake tsayawa. Wanda zai shiga kowane ɗaki sai wanda aka ba mai kula da kansa.

Ba zance ne na fatar baki ba. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, cikinsu har da Michael Wei da Steven Swanson, sun gwada hanyoyin gogewa a kan SSD, sannan suka ɓamɓare ƙwayoyin suka karanta su kai tsaye. Manhajojin da ke cewa suna murƙushe fayil ɗaya sun bar tsakanin kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na abin da ke cikin fayil ɗin. Hanyar da wani masani ɗan New Zealand, Peter Gutmann, ya fitar a 1996, ta maimaita rubutu sau 35, don faifai mai juyawa na wancan zamanin aka yi ta. A kan SSD wahalar da na'ura ce kawai. Haka ma manhajar gogewa ta DBAN da wasu masu gyara har yanzu suke yawo da ita a filas. Idan mai shago ya ce zai bi ta sau bakwai don ki samu natsuwa, ki san iliminsa ya tsaya a tsohon faifai.

Amma in yi wa baffan yara adalci. Tun daga Windows 7 a 2009 akwai wani umarni mai suna TRIM, wanda ke sanar da SSD cewa wuri kaza ba a buƙatarsa. Saboda shi, sau da yawa bayan an yi fomat, manhajojin dawo da hoto na gama-gari ba sa samun komai. Wanda zai sayi kwamfuta a Haraj don ɗansa ya yi aikin makaranta ba zai ɓamɓare ƙwaya ya kai ɗakin bincike ba. Ba na so in tsorata ki da abin da da wuya ya faru. Sai dai TRIM sanarwa ce kawai, ba ta ce wa SSD ta share yanzu-yanzu ba, kuma ba kullum take aiki ba. Da littattafan karatu ne a ciki, da na ce a yi fomat a huta. Fasfo na mutane da hotunan 'ya'ya mata ba a barin su a hannun "galibi".

A ganina ma haɗarin da ya fi kusa da ke ba mai saye ba ne, shagon ne. Shawarar "a kai a yi fomat" tana nufin a miƙa kwamfuta cike da komai, a faɗi kalmar sirri, a ce za a dawo bayan Isha. Kwafe folda ɗaya ta hotuna minti kaɗan ne. Ba ina zargin masu shagunan titin Khalid bin Walid ba ne, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, amma shago ba mutum ɗaya ba ne, akwai yaran shago, akwai abokansu masu zuwa hira. Kwamfutar nan kada ta fita daga gidanki sai babu komai a cikinta. Idan dole sai an nemi mai gyara, yaron ya tsaya a kansa har ya gama, ko a kira shi gida.

Abin farin ciki, irin wadda Alhaji ya bari tana da sauƙi, kuma yaro mai shekara 17 da ya san bambancin SSD da HDD zai iya aikin a zama ɗaya.

Ya fara da fitar da asusun marigayi. Ya cire kwamfutar daga jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp, ya fita daga Gmail da OneDrive da duk inda burauza ta ajiye kalmar sirri, har da Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da banki. Ki tuna kuma abin da ke cikin Google Drive ko OneDrive ba a cikin kwamfutar yake ba, goge SSD ba zai taɓa shi ba. Idan akwai fasfo na mutane a can, sai an shiga an share su daban, a kuma zazzage kwandon shara na can ɗin. Ya leƙa gefen kwamfutar ko akwai katin ajiya a maƙale, mutane suna yawan mantawa da shi.

Sai kullewa. Windows tana da wani tsari mai suna BitLocker wanda ke mayar da duk abin da ke cikin ma'ajiya ya zama rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Latitude kwamfutar ofis ce, galibi da Windows Pro take zuwa, don haka akwai shi a ciki, wataƙila ma a kunne yake tun ranar da aka saya. Idan haka ne kin yi sa'a, domin duk abin da ya taɓa shiga, har wanda ya maƙale a ɓoyayyen kason nan, a kulle ya shiga. Idan a kashe yake, ya kunna, kuma idan aka tambaye shi ya zaɓi a kulle ma'ajiyar gaba ɗaya, ba iya inda aka yi amfani da shi ba. Ya jona caja ya bar ta ta gama. Mabuɗin ceto mai lamba 48 da za ta ba shi, ya rubuta a takarda, a ƙona takardar bayan an gama komai.

Sannan gogewar kanta. Ya kashe kwamfutar, ya kunna yana danna F2 har ya shiga saitin BIOS, wato saitin kwamfutar kanta da ke zuwa kafin Windows ta tashi. A yawancin Latitude akwai wani zaɓi mai suna Data Wipe, a ƙarƙashin Maintenance ko Security, ya danganta da shekarar ƙira. Ya zaɓa, ya amsa gargaɗin, ya sake kunnawa, caja a jone, kada kowa ya taɓa. Wannan shi ne umarnin da ake ba injin cikin SSD kai tsaye, ya share kowace ƙwaya har da waɗanda Windows ba ta gani. Ba ya ɗaukar dogon lokaci, wani sa'in mintoci ne, kada saurin ya sa ku zaci bai yi ba. Masu HP za su sami irinsa da sunan Secure Erase idan suka danna F10. Kamfanonin da ke ƙera SSD su ma suna da nasu manhajojin kyauta masu wannan aikin, kamar Samsung Magician da Crucial Storage Executive da Kingston SSD Manager, amma su sai an tayar da kwamfutar daga filas ko an haɗa ma'ajiyar da wata kwamfutar, domin ba ta iya share kanta alhali Windows na gudana a kanta.

Za ki ce me ya sa aiki biyu, kullewa da gogewa? Domin kowanne an taɓa kama shi da gazawa. A binciken nan na 2011, cikin SSD 12 da aka gwada, huɗu ne kawai aka tabbatar sun aiwatar da umarnin gogewa daidai, akwai ma wadda ta ce ta gama alhali komai yana nan. Na yanzu sun fi waɗancan inganci nesa ba kusa ba, amma darasin bai tsufa ba. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan sun nuna cewa makullin da wasu SSD na Crucial da Samsung suke zuwa da shi a jikinsu ana iya tsallake shi, abin da ya sa daga baya Microsoft ta daina dogara da shi a BitLocker. Idan aka haɗa biyun, ko gogewa ta bar wani abu, abin da ta bari a kulle yake, mabuɗin kuma ya tafi.

Bayan an gama, kwamfutar za ta ce ba ta ga Windows ba. Alama ce mai kyau. Tun kafin a fara, yaron ya tanadi filas mai girman gigabait 8 ko fiye, ya sauke Windows a kai daga shafin Microsoft. Lasisin Windows galibi ba ya ɓata, a jikin kwamfutar yake. Bayan ya sa sabuwa, ya saka manhajar dawo da abin da aka goge, PhotoRec ko Recuva, ya yi bincike mai zurfi. Idan bai ga komai ba sai hotunan da Windows ke zuwa da su, aiki ya yi. Idan ya ga ko hoto ɗaya na gida, kada a sayar da wannan SSD.

Akwai gajeriyar hanya a cikin Windows, Reset this PC, inda ake zaɓar a cire komai a kuma tsaftace bayanai. Ta fi fomat na shago. Amma Microsoft da kanta ta ce ba ta kai matsayin gogewar da hukumomi da kamfanoni ke buƙata ba. Ta kwamfutar yara ce, ba ta mai riƙe da fasfo na jama'a ba.

Da ni ne a matsayinki, ga abin da zan ƙara, kuma shi nake ba ki shawara a kai tunda kin ce hankalinki ya ƙi kwanciya. Bayan an goge, a cire SSD ɗin gaba ɗaya a sa sabuwa. A yawancin Latitude ɗan siririn allo ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da shi bayan an buɗe murfin ƙasa. Sabuwa ƙarama ba ta kai kuɗin kwamfutar ko kusa ba, mai saye kuma zai fi son jin cewa ma'ajiyar sabuwa ce. A cire kuɗinta daga kuɗin sayarwa, da sanin magada. Idan an buɗe, a duba ko akwai ma'ajiya ta biyu, wasu kwamfutocin suna ɗauke da SSD da tsohon faifai a tare. Tsohuwar kuma, ko yaron ya saya mata gida ya riƙa amfani da ita kamar filas, ko a fasa ta. Abu ɗaya kawai: kada a cire ta kafin a kwafe abin da ake buƙata, domin idan BitLocker a kunne yake, ba za ta buɗe a wata na'urar ba sai da lambobin nan 48.

Idan fasawa za a yi, a yi ta da kyau. Maganaɗisu ba ya yi mata komai. Jiƙa ta a ruwa ba ya share ta. Ƙonawa hayaƙi mai guba ne kawai a cikin gida. Baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikin allon su ne ma'ajiyar, a naɗe a tsumma, a ɗora a kan siminti, a bi kowace ɗaya da guduma har ta farfashe. Karya allon gida biyu bai isa ba, ƙwayar na iya fita lafiya lau. Kuma kada a jefa ta a bola da ranta, kin san babu kwandon sharar da ba a tonawa a Jidda.

Wayar marigayi ta fi wannan sauƙi. iPhone da wayoyin Android na 'yan shekarun nan a kulle suke zuwa, don haka bayan an kwashe abin buƙata, an cire asusun Google ko na Apple, an zare layi da katin ajiya, mayar da ita saitin kamfani ya wadatar. Amma ita ce za ta zama ta ƙarshe, sai an gama da duk lambobin shiga.

Ki san kuma doka tana bayanki. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya yi wa mutum barazana ko ya keta sirrinsa ta hanyar na'ura, kuma ana kai ƙara ta manhajar Kollona Amn. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Satumba na 2023 ita ma ta hana a ci gaba da riƙe bayanan mutum bayan buƙatar da ta sa aka karɓa ta ƙare. Wannan ƙarin hujja ce a hannunki idan aka ce kina tsananta abu.

Batun ƙanin mijinki, kada ya zama gardama tsakanin yaro da baffansa, ba lokacin wannan ba ne. Ba sai kin kawo zancen hotunan biki ba. Ki ce masa akwai lissafin marigayi da takardun mutane a ciki, kina so a kwashe a share a gida kafin ta fita, kuma kina so shi ya riƙe kwafi ɗaya na lissafin, ya tsaya a kan ciniki idan lokaci ya yi. Shi ma zai fi son a ce an nemi ya tsaya wa gidan ɗan'uwansa. Sauran kwanakin takabarki sun ishe ku wannan duka ba tare da kin taka ƙofar gida ba.

Idan yaron ya shiga F2 bai ga Data Wipe ba, ko ya buɗe murfi ya tarar ma'ajiyar a manne take da babban allo ba ta ciruwa, kada ya yi gaban kansa. Ya aiko min da lambar ƙirar da ke rubuce a ƙasan kwamfutar, da sunan SSD ɗin kamar yadda ya fito a Task Manager, zan faɗa masa hanyar da ta dace da ita.